Kujeru Biyu a Gindin Tsamiya

Jiya ina daga ciki na ji ku kuna dariyar kujerun nan biyu da ke ajiye a ƙuryar shago. Wani daga cikinku, ba zan kama suna ba amma ya san kansa, har cewa ya yi ashe tsoho tun yana saurayi awo ke ba shi wahala, ga shi ya yi kujeru iri ɗaya amma ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Wani kuma ya ce a ba shi zarto ya daidaita ƙafafun kafin a kira la'asar. To, ku ajiye zarton. Ku ajiye bindigar ƙusar nan ma da kuke ta harbawa tun safe kamar masu korar tsuntsu a gonar gero, ku zauna in gaya muku inda kujerun suka fito. Kun ɗauka sana'ar nan katako ce da soso da yadi, a haɗa, a buga, a karɓi kuɗi. Da iyakarta ke nan da tuni na koma gona.

Aikin farko da aka sa ni a sana'ar nan wasa gizago ne. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wurin Baba Tanko masassaƙi, can garinmu Toranke, domin ya gaji da kallon kunyoyin da nake yi a gona, ba ɗaya da ta taɓa miƙewa. Baba Tanko ya dube ni sama da ƙasa, ya nuna mini dutsen washi da ƙoƙon ruwa. Rani guda cur ban taɓa itace ba. In na wasa na kawo, sai ya gwada a gashin hannunsa, ya girgiza kai ya ce, "Sule, wannan ko kabewa ba za ta ji tsoronsa ba. Koma."

Yana sassaƙa turmi da taɓarya da akushi da ƙotar fartanya, amma abin da ya fitar da sunansa ita ce kujerar mata, 'yar gajeriyar nan ta gaban murhu. Daga gungume ɗaya yake fitar da ita, ba ƙusa, ba gam. Kayan aikinsa ba su cika buhu ba: gatari, gizago babba da ƙarami, wuƙa, sai wani ƙarfe da yake sa wa a wuta don zane. A ƙasa yake zama, ya riƙe itacen da tafin ƙafafunsa biyu, ya yi ta sara dab da yatsunsa yana hira da mutane ko kallon wurin ba ya yi. Itacen ƙirya ya fi so, in babu sai maɗaci. In kuwa ka kawo masa ɗanyen itace kana sauri, zai ce ka tafi ka dawo baɗi.

Abin da ya bambanta shi da sauran masassaƙa shi ne kara. Masu zama a kujerun nan matan aure ne, suna cikin gida, ba ganinsu zai yi ba. Saboda haka in magidanci ya zo, Baba ba ya fara maganar kuɗi. Sai ya ce, "Koma gida, ka ce mata ta tsuguna yadda take tsugunawa a gaban murhu, a karya kara daga ƙasa zuwa inda take so ta ji katako. Ka kawo mini karan." In an kawo, sai ya ƙara tambaya, "Mutum nawa take tuƙa wa tuwo?" Domin mai babbar tukunya sai an ɗaga mata zama, in ba haka ba kafaɗarta ce za ta biya. Wasu mazan su ji haushi, su ce kujera ai kujera ce. Baba ya ce to su je kasuwar Kademi, akwai irin wannan jibge. In ya gama, sai ya kifa ta ya ƙona alamarsa a ƙarƙashi, zane uku kamar sawun kaza. Na taɓa tambayarsa amfanin alamar, ya ce, "In ta karye, a san wanda za a zaga." Ban taɓa jin an zage shi ba. A gidan biki ma mata kan kifa kujera su duba, in suka ga sawun kaza sai su fara rige-rigen zama.

Ga kuma abin da zai ba ku mamaki. Mutumin nan da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa mutane wurin zama, shi bai taɓa ɗora jikinsa a kan kujera ba. A lokacin, a ƙauyukanmu, kujera ta mata ce. Namiji tabarma ko buzu, in ya yi nisa dakalin ƙofar gida.

Kullum in an yi la'asar Baba Tanko zai kakkaɓe ɓawon itace daga rigarsa, ya wanke hannu, ya nufi gindin tsamiyar da ke ƙofar gidan yayansa, Malam Garba. Mahaifinsu ya rasu Baba Tanko yana ɗan ƙarami, Malam Garba ne ya raine shi, ya yi masa aure, ya saya masa gatarinsa na farko. Malam gajere ne, mai kaifin baki, manomi kuma mai ba magidanta karatu. Baba Tanko kuwa dogo ne sosai. In suka zauna, Malam yana kan buzunsa, Baba yana bakin tabarma ya ranƙwafar da baya yana neman rage tsawon da Allah ya ba shi. Bai taɓa kiran sunansa ba, sai Yaya. Malam ya yi ta tsokanarsa, ya ce duk matan ƙasarmu ta Ajingi sun san hannun Tanko amma ba wadda ta san fuskarsa, kuma hakan ya fi musu alheri. Baba ya yi ta dariya har da hawaye. Dattawan unguwa su taru, a yi maganar damina, a raba goro, sai magariba ta tashe su. Na lura tun ina yaro, in wani uzuri ya hana Baba wannan zaman, ranar ko tuwon dare ba ya ci da kyau.

Shi da kansa ya kore ni zuwa Kano. Mun kai kujeru kasuwar Gaya wata rana, a zamanin da gyaɗa ke tashe, sai wani mai sayen gyaɗa ya shigar da mu ɗakin baƙinsa don ya nuna mana abin da ya sayo daga birni: doguwar kujerar kushin ta mutum uku da ƙanana biyu. Baba ya zagaya ta, ya danna da yatsa, ya leƙa ƙarƙashi. A hanyar komawa, da muka kusa gida, sai ya ce, "Wannan abin zai cika gari. Ni na tsufa da koyo. Kai ka je."

Wurin wani Bayarabe na zauna, muna ce masa Baba Kushin. Can na san zarto da hama da samfefa, na koyi ɗaure sifirin, na koyi dama audugar rimi a cusa ta yadda ba za ta dunƙule ba, kafin soso ya zo ya sa kowa ya zama gwani. Na koyi ja wa yadi har ya kwanta ba tamoji. Malaman makaranta da akawuna su ne manyan masu sayenmu, kuma su ne masu wahalar da mu. Sai mutum ya yago hoto daga mujallar Turawa ya kawo, ya ce irin wannan yake so. Wata kujerar kamar an raba ƙwarya biyu an ɗora a kan ƙafa ɗaya. Wata ƙafafunta sirara ka rantse tari mai ƙarfi zai kayar da ita. Baba Kushin ya kalli hoton, ya ce waɗanda suka zana waɗannan manyan gwanaye ne a ƙasashensu, ana sayen kujera don sunansu kawai, amma ba su san nauyin Alhazan Kano ba. Sai mu yi mai kama da ita, mu ƙara mata ƙwari a ɓoye.

Aikin da ba na mantawa a shagon nan gyaran wata tsohuwar kujera ce da wani ɗan kasuwa ya saya a gwanjon kayan wani Bature da ya koma gida. Ba ta da soso ko kaɗan. Itacen bayanta an lanƙwasa shi ne kamar igiya, ba a yanka an haɗa ba, wurin zaman kuma saƙa ce ta wani siririn kara mai ƙarfi, ita ce ta ɓarke. Baba Kushin ya ce da tururi ake dafa itacen har ya yi laushi sannan a tanƙwara, kuma kujerar ta girmi ubansa. Ya ce in zauna kafin mu kwance ta. Ina zama na ji bayanta ya tare ni daidai inda gajiya ke taruwa, kamar mai ita ya san ni. Da muka kifa ta, sai ga tambarin wanda ya yi ta a ƙarƙashi, ya dushe amma yana nan. Na yi dariya ni kaɗai, na ce ashe can ma akwai mai son a san wanda za a zaga. Na ɗauki kara na auna kwanciyar bayan nan, na adana karan a cikin kayana.

Na dawo Gaya na buɗe shago kusa da kasuwa wajen lokacin da aka bar fam da sule aka koma naira. Baba Tanko da Malam Garba suka zo sa albarka. Na share shago, na jera kujeru, na nuna wa Malam wadda ta fi kowacce laushi. Ya dube ta, ya dube ni, ya zare buzunsa daga kafaɗa ya shimfiɗa a ƙasa a tsakiyar kujerun.

Ya ce, "Ɗan nan, Allah ya yi wa sana'arka albarka, ya kawo masu saye. Amma ni Garba, in zauna ƙafafuna suna reto kamar wanda aka ɗora a jaki? Wannan sai alƙalai da Turawa. Ranar da ka gan ni a kan kujera, ka ce hankalina ya tafi."

Mutanen da ke wurin suka kwashe da dariya, maganar kuma ta bi gari har Toranke. Ku riƙe ta, za mu dawo kanta.

Sai shekarar fari ta zo. Ku ba ku san ta ba, kada Allah ya sa ku sani. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, gyaɗa ta ƙi, rijiyoyi suka ja baya. Wa zai sayi kujera alhali rumbu ba kowa? Waɗanda suka saya a baya ma dawo mini da su suke yi, suna neman ko nawa ne. Na koma gyaran ƙofofi da amalanke, wata rana a biya ni da kwanon dawa, wata rana da godiya. Baba Tanko kuwa ba mai neman turmi, tunda ba abin dakawa. Awakinsa suka rame, sai ya hau bishiyar gawo don ya saro musu ganye, mutumin da ya haura sittin. Reshe ya karye da shi.

Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, ƙashi ya haɗe, amma gwiwar dama ta sandare, ba ta lanƙwasuwa. Yana iya dogara sanda ya taka, yana iya zama a bakin gado. Ƙasa ce ta gagare shi. Sau ɗaya ya gwada fita gindin tsamiya, sai da ƙarti biyu suka saukar da shi kan tabarma yana cije leɓe, da magariba kuma suka ciccinɓe shi a gaban jama'a. Daga ranar bai sake fita ba. Sassaƙa ta tafi, tunda ba ƙafar riƙe itace. Zaman la'asar ma ya tafi.

Abin bai tsaya nan ba. In Malam Garba ya shiga ɗaki duba shi ya zauna a ƙasa, sai Baba ya fara kokawar sauka daga gado, don ba zai zauna a sama yayansa yana ƙasa ba. Rannan har ya faɗi ya fama ciwon. Dole Malam ya daina shiga. Sai ya tsaya a bakin ƙofa daga waje, ya ce, "Tanko, ya jiki?" A amsa daga ciki, "Da sauƙi, Yaya." Shi ke nan. Mutanen da suka shekara hamsin suna hira kullum suka koma gaisuwa ta bayan asabari. Da na je duba shi na tarar ya zube, idanu sun faɗa, matarsa Iya Mairo ta ce mini a tsakar gida, "Sule, ba ƙafar ce za ta kashe Babanka ba, zaman ɗakin nan ne." Raina ya ɓaci ƙwarai, na fita.

Na ce to, ni da na yi wa baƙi kujeru, ai lokacin ubangidana ya yi. Na ba Iya Mairo kara na ce in yana zaune a bakin gado ta auna mini daga ƙasa zuwa bayan gwiwarsa, kada ya sani. Na fito da ragowar maɗacin da nake ɓoyo. Ku saurara da kyau a nan, domin kujerar tsoho ba irin ta ango ba ce. Ba a sa mata soso mai zurfi, in ya nutse ba zai iya tashi ba. Audugar rimi na cusa na danne ta sosai. Na yi mata hannuwa masu faɗi da ƙwari, waɗanda zai dafa ya miƙe da kansa ba sai an kama shi ba. Bakin wurin zaman ta dama na zaftare shi kaɗan don ƙafar da ba ta lanƙwasuwa ta sami hanyar miƙewa. Bayan kuwa, na ɗauko karan nan na kujerar Bature na bi kwanciyarsa. Har yau ban yi aikin da ya fi wannan ba.

Na ɗaure ta a akori-kura na kai Toranke. Baba ya shafa ta ko'ina, ya girgiza hannuwan ya ji ba motsi, ya sa na kifa ta. Ya ce, "Ina alamarka?" Na ce ba ni da ita. Ya ce, "To wa za a zaga?" Ya kwashe da dariya, rabon da a ji dariyarsa tun kafin ya faɗo. Ya zauna, ya jingina, ya lumshe ido. Ya dafa ya miƙe shi kaɗai, ya sake zama. Na ga abin ya yi, sai na ce, "Baba, gobe da la'asar sai a fitar da ita gindin tsamiya."

Ya buɗe ido. "Yaya kuma a ina zai zauna?"

"A buzunsa mana, kamar kullum."

"Shi a ƙasa, ni a sama ina kallon tsakiyar kansa? Sule, Kano ce ta cinye maka hankali?"

Na auna ƙafa, na auna baya, na auna hannu, amma ban auna wannan ba. Dattawa suka yi ta ba shi baki, suka ce lalura ce, ko salla ma an yarda mai ciwo ya yi a zaune. Malam Garba da kansa ya zo bakin ƙofa ya ɗaga murya, ya ce, "Tanko, ni na ce ka fito ka zauna a kan abin nan. Umarni na ba ka." Daga ciki Baba ya ce, "Yaya, tun da nake ban taɓa ƙin maganarka ba. Wannan ɗaya ka yafe mini." Kujera ta zauna a ɗaki, mai ita ya ci gaba da ramewa a kanta.

Ana nan, wata ranar kasuwar Gaya ina bakin shago sai na hango akori-kurar Ajingi ta tsaya. Na ga Malam Garba ya diro daga bayanta tsaf, ya taya wata tsohuwa sauke buhu. Yana juyowa muka haɗa ido, nan take ya dafe ƙugu ya fara ɗingishi. Kafin ya ƙaraso shagon har nishi yake.

"Sannu Malam, lafiya?"

"Ina fa lafiya, ɗan nan. Baya ne. Ya hana ni zaman ƙasa sam. In na zauna a buzu kamar ana soka mini allura."

"Allah ya sawwaƙe. Tun yaushe?"

"Kai likita ne? Kujera za ka yi mini."

Ya zaro kara daga cikin rigarsa ya miƙo mini. Ina karɓa na gane tsawon, awon kujerar Baba Tanko ne, Iya Mairo ta karya masa. Ya ce, "Irin waccan sak. Amma ka ɗora yatsa huɗu a kan wannan."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ai ta Baba ma ta yi maka tsawo, shi dogo ne. In na ƙara, ƙafarka ba za ta taɓa ƙasa ba."

Ya ce, "Na tambaye ka inda ƙafata za ta taɓa? Kuma in ka kuskura ka yi mini dariya, sai na gaya wa duk Gaya irin kunyoyin da kake yi a gonar ubanka."

Ban yi dariya ba. Na sunkuyar da kai ina juya karan, don kada ya ga idona.

Ranar da na kai ta, kafin la'asar gindin tsamiya ya cika, har da waɗanda ba su saba zuwa ba, domin labari ya bazu cewa Malam Garba zai hau kujera. Aka fito da ta Baba Tanko daga ɗaki aka ajiye kusa da sabuwar. Malam ya fito yana dafe da baya, ya yi bisimilla, ya ɗare. Ƙafafunsa kuwa suka kama reto. Wani tsoho abokin wasansa ya ce, "Malam, ina ce kai ka ce sai wanda aka ɗora a jaki?" Malam ya ce, "To jakin na hau, naka ne?" Aka yi ta dariya, shi kuwa ko a jikinsa. Ya juya ya ce da ni, "Je ka gaya wa Tanko, in yana so ya ga yayansa kafin bayan nan ya ƙarasa ni, ya fito."

Baba Tanko ya fito yana dogara sanda, rana tana kashe masa ido. Ya tsaya ya dubi kujerun biyu, irin kallon da yake yi wa itace kafin ya sara. Ya dubi tasa, ya dubi ta Malam, ya ga inda ɗaya ta tsere wa ɗaya. Sannan ya dafa hannun tasa ya zauna, ya miƙe ƙafar, ya ranƙwafar da baya yadda ya saba.

"Sannu da jiki, Yaya."

"Kai ma sannu. Dubi yadda ka rame, dama ba kyau gare ka ba."

Baba ya yi dariya har da hawaye. Ranar ya cinye tuwonsa, Iya Mairo ta ƙara masa.

Ruwa ya dawo a daminar da ta biyo, kasuwa ta buɗe, ma'aikata suka sami ƙarin albashi, na rasa inda zan sa kaina don aiki. Duk da haka nakan leƙa Toranke. Kullum la'asar za ka same su, dogo a gajeriyar kujera, gajere a doguwa. Malam ba ya minti kaɗan bai gyara zama ba, yana murza cinya, in zai sauka sai ya tsaya ƙafar ta dawo daga sanyin da ta yi.

Wata rana Baba ya aika a kira ni, ya ce in zo masa da guntun ƙirya busasshe. Na same shi a tsakar gida a kan kujerarsa, ya sa an fito da ƙaramin gizagonsa, an kifa turmi a gabansa. Ya ce in ɗora itacen a kan turmin in riƙe masa, tunda ƙafafunsa sun yi ritaya. Na riƙe, ya fara sara. Hannun na nan yadda na san shi. Na tambaye shi wace mai sa'a ce za a yi wa kujera, ya nuna mini wani ɗan kara a gefensa. Da ido ya auna, daga ƙasa zuwa tafin ƙafar Malam in yana zaune.

Ya ce, "Matakin ƙafa ne. Jini ba ya sauka masa, yana shan wahala."

Na ce, "Ga kuma ciwon baya."

Ya dakata da saran, ya dube ni. "Sule, shekara nawa ina kallon yadda mutane ke zama? Mai ciwon baya jingina yake nema. Ka taɓa ganin Yaya ya jingina? A bakin kujerar yake ɗosana kamar mai jiran a sallame shi. Bayansa ya fi nawa da naka lafiya." Ya ci gaba da sara, can ya ce, "Kada ka gaya masa na sani."

Ya gama, ya sa ƙarfe a wuta ya ƙona sawun kaza a ƙarƙashi. Shi ne aikinsa na ƙarshe. Da aka ajiye wa Malam a gaban kujera, ya ɗora ƙafafunsa, ya ce, "Sai yanzu ka tuna kana da yaya, bayan ka gama da matan gari." Amma na ga yana ta shafa gefen matakin da babban yatsan ƙafarsa.

Sun ƙara damina huɗu ko biyar a haka kafin Allah ya karɓi ran Baba Tanko. Ƙanin ya riga yayan. Bayan an share makoki na koma yi wa Malam sallama zan wuce Gaya. La'asar ta yi, yaran gida sun fito da kujerun biyu sun ajiye a gindin tsamiya yadda suka saba. Malam ya fito da tsohon buzunsa a kafaɗa. Ya wuce kujerun, ya shimfiɗa buzun a inda yake shimfiɗa shi shekaru da yawa da suka wuce, ya naɗe ƙafafu ya zauna a ƙasa cikin sauƙi. Ya jawo ɗan matakin nan kusa da shi ya ɗora hannu a kai.

Ya ce, "Sule, ka tafi da su duka biyu. Ka ajiye su wuri ɗaya, kada ka raba su, kada ka sayar."

Na ce, "To Malam, bayan fa?"

Ya ɗago ya dube ni, idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Wane baya?"

Su ne waɗannan da kuke so ku daidaita wa ƙafafu. Yanzu ku tashi, hira ta ƙare, mai kujerar kushin ɗin nan yana zuwa da yamma kuma ba ku ja yadin bayanta ba. Amma kafin nan wani ya ɗauko tsumma ya goge musu ƙura. Ku fara da doguwar, ita ce ta Yaya.